Ruwan Maƙwabciyata Ya Ci Gwaji, Dole Sai Na Gwada Nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan muna shan ruwan rijiyar burtsatse da muka haƙa a cikin gidanmu. Ruwan garau yake, ba wari, ba wani ɗanɗano. Lokacin da aka gama haƙa an gwada shi don ƙwayoyin cuta, aka ce lafiya lau. Kwanan nan na ji ana maganar wata guba, wai ita arsenik, da ake samu a ruwan rijiya. Maƙwabciyata ta kai nata an gwada, ta ce ba a samu komai ba, kuma katanga ce kawai tsakaninmu. Ina da jariri ɗan wata huɗu da nake haɗa wa madara da ruwan, amma sai na tafasa. Akwai buƙatar in gwada nawa? In an samu kuma, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaro. Ki gwada, kuma kada ki bari watan nan ya fita ba ki yi ba. Kafin sakamako ya dawo, ki daina haɗa madarar jaririn da wannan ruwa, ki nemi ruwan da aka tabbatar da ingancinsa, na famfon hukuma da ake gwadawa ko na roba daga kamfanin da ke da rajista. Ba wai na san akwai guba a rijiyarki ba. Mai yiwuwa ma babu. Abin da na sani shi ne duk hujjojin da kika kawo guda huɗu, wato hasken ruwan, gwajin farko, tafasawa da sakamakon maƙwabciya, babu ɗaya da ya taɓa batun arsenik a ruwan rijiyarki ko kusa.

Uku daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani. Arsenik ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano a cikin ruwa, ko da ya ninka abin da aka yarda da shi sau ɗari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam ido bai san komai ba. Gwajin ƙwayoyin cuta kuwa hanyarsa daban, kwalbarsa daban, na'urarsa daban. Ɗakin gwaji ba ya neman abin da ba a ce ya nema ba. Tafasawa kuma tana kashe abu mai rai ne, shi arsenik sinadari ne na ƙasa kamar ƙarfe ko dalma, ba ya mutuwa. Abin da ke fita daga tukunya tururi ne, wato ruwa zalla, gubar tana nan zaune. In kika tafasa lita biyu har ta ƙone ta koma lita ɗaya, kin ninka ƙarfin gubar da ke cikin kowane kofi.

Batun maƙwabciya shi ne mai wuya, domin hankali yana karɓarsa. Ƙasa ɗaya, unguwa ɗaya, me zai raba? Sai an fahimci yadda arsenik ke shiga ruwa tukuna.

Yawancin arsenik ɗin da ake samu a rijiyoyi ba wani ne ya zuba shi ba. Yana cikin duwatsu da yashi da laka tun fil azal. Akwai wuraren da haƙar ma'adinai ko tsofaffin magungunan ƙwari na gonaki suka ƙara shi, amma galibi na Allah ne. Kuma kasancewarsa cikin dutse ba ita ce matsalar ba, matsalar ita ce abin da ke kwance shi ya narke cikin ruwa. A ƙarƙashin ƙasa ƙwayoyin yashi sukan yi wani rufi na tsatsa, kuma tsatsa tana riƙe arsenik tamau kamar yadda ƙaya ke riƙe tufa. Muddin akwai iskar oksijin a ruwan, tsatsar tana nan, gubar tana ɗaure. Amma inda aka binne ruɓaɓɓun ganye da itatuwa cikin laka shekaru dubbai da suka wuce, ƙananan halittun da ke cin su sukan cinye iskar kaf, sannan su koma kan tsatsar su narkar da ita. Da ta narke sai abin da take riƙe da shi ya bazu cikin ruwa. Wannan shi ne abin da ke faruwa a Bangladesh da Yammacin Bengal na Indiya, da kwarin Jan Kogi na Biyetnam, da gaɓar Mekong a Kambodiya. Hanya ta biyu akasin wannan ce: inda arsenik ke cikin ma'adinai masu kibiritu, shigar iska ce ke sakin sa. A gabashin jihar Wisconsin ta Amurka an sami rijiyoyin da ruwansu ya ja baya saboda yawan janyowa, iska ta taɓa wani siririn shimfiɗin dutse mai irin wannan ma'adini, arsenik ya haura zuwa dubban maikirogiram a lita, alhali iyakar da aka yarda da ita 10 ce (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Irin waɗannan duwatsu, masu tafiya tare da zinariya, su ne suka ɓata wasu rijiyoyin burtsatse a yankin Yatenga na arewacin Burkina Faso. Ta uku kuma a busassun wurare take, kamar filayen tsakiyar Ajantina da arewacin Meziko, inda ruwan ƙasa ke da kanwa-kanwa, wannan yanayi ya sa tsatsar ta saki abin da ta kama.

Yanzu ki dubi ƙarƙashin gidanki da wannan ido. Ƙasa ba kamar kwano take ba da aka cika da ruwa iri ɗaya. Shimfiɗa ce kan shimfiɗa, wani wuri yashi, wani wuri laka, wani wuri tsohon kwarin kogi da ya binne, wani wuri tsagar dutse da ba ta kai faɗin yatsa ba. Rijiyarki na iya tsayawa a mita 40, ta maƙwabciyarki a mita 65. Ko zurfinsu ɗaya ne, taki na iya shan ruwa daga wata tsaga, tata daga wata. A aikina na ga gidaje biyu masu kallon juna, ɗaya ruwansa na'ura ba ta ga komai a ciki ba, ɗayan kuma ya ninka iyaka sau bakwai, kuma mai haƙa ɗaya ne ya haƙa su a shekara ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya jima a fagen. A yankin Araihazar na Bangladesh masu bincike sun bi rijiyoyi kusan 5,000 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kusan rabinsu sun wuce maikirogiram 50 a lita, amma kuma kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen wurin akwai rijiya mai kyau da ba ta fi mita 100 daga gidansu ba. Wato mai guba da mara guba a cakuɗe suke, kamar an watsa tsaba.

Tunda na ambaci Bangladesh, bari in ɗan tsaya a kanta, domin tambayarki ita ce tambayar da ƙasa guda ba ta yi ba sai da lokaci ya ƙure. A da mutanen can ruwan tafki da kogi suke sha, gudawa da kwalara suna kashe yara ba adadi. Daga shekarun 1970 gwamnati da hukumomin agaji na duniya suka dage da haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, daga baya jama'a suka ci gaba da haƙa nasu, har suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito garau, mutuwar yara ta ragu, kowa ya yi hamdala. An gwada ƙwayoyin cuta, ba wanda ya yi tunanin arsenik. A 1983 wani likitan fata a Kolkata, K. C. Saha, ya fara danganta wasu tabo da yake gani a jikin marasa lafiya daga ƙauyukan Yammacin Bengal da ruwan rijiyarsu. Sai 1993 aka tabbatar da abin a Bangladesh, a gundumar Chapai Nawabganj. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Birtaniya ta yi tare da ma'aikatar ruwa ta ƙasar, wanda ya fito a 2001, ya nuna kashi 27 cikin 100 na rijiyoyi marasa zurfi sun wuce maikirogiram 50, kashi 46 kuma sun wuce 10. Wata maƙala a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2000 ta kira shi shayar da guba mafi girma da aka taɓa yi wa wata al'umma a tarihi. An gudu daga gidan gara an faɗa na zago. Ba na zargin waɗanda suka haƙa, domin sun ceci rayuka da yawa, amma gwajin da ya rage ɗin nan ɗaya ne tak, kuma shi ne wanda ke ma ba ki yi ba.

Abin da ya sa aka ɗauki shekaru ba a farga ba shi ne yadda gubar ke aiki. A irin adadin da ke cikin rijiya, ba a sha yau a kwanta gobe. Alamar farko da ake iya gani tana fitowa a fata, galibi bayan shekara biyar ko fiye: ɗigo-ɗigon baƙi da fari a ƙirji da baya, kamar yayyafi ya sauka kan ƙura, sai kuma tafin hannu da na ƙafa su yi kauri, su fitar da ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri kamar kanta. Mai aikin ƙarfi zai ce ai aiki ne. Kuma da yawa daga masu shan ruwan ba za su taɓa ganin komai a fatarsu ba, alhali ɓarnar tana tafiya a ciki. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa arsenik a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam: na fata, na mafitsara, na huhu. An kuma danganta shi da ciwon zuciya da toshewar jijiyoyin jini da ciwon sukari. A kudu maso yammacin Taiwan toshewar jijiyoyin ta kai har ƙafa ta yi baƙi ta ruɓe sai an yanke, ciwon da ya yi suna da baƙar ƙafa. Wanda ke shan taba kuma haɗarin huhunsa ya fi na kowa, domin abubuwan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi.

Dalilin da na fara da jaririnki yana birnin Antofagasta na arewacin Chile. Daga 1958 zuwa 1970 birnin ya sha ruwan da aka janyo daga kogunan tsaunuka mai ɗauke da arsenik sama da maikirogiram 800 a lita, sannan aka kafa matatar ruwa, adadin ya faɗi. Domin wurin hamada ne, kowa ruwa ɗaya yake sha, don haka an san wanda ya sha da lokacin da ya sha. Shekaru talatin zuwa arba'in bayan an gyara ruwan, waɗanda suke cikin mahaifa ko suke ƙanana a lokacin da ake shan ruwan mai guba sun ci gaba da mutuwa da ciwon daji na huhu da na mafitsara da wasu cututtukan huhu fiye da sauran 'yan ƙasar nesa ba kusa ba. Adadin can ya yi yawa ƙwarai, da wuya a ce rijiyarki ta kai haka. Darasin dai shi ne abin da jiki ya sha yana ƙarami yana bin sa har girma. Jariri kuma, in aka auna da nauyinsa, ya fi babba shan ruwa sau da yawa, musamman wanda abincinsa duka madarar gwangwani ce. Nonon uwa, ko da uwar tana shan ruwa mai arsenik, kaɗan ne ƙwarai ke ratsawa cikinsa, don haka in kina shayarwa ki ci gaba.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a lita. Don ki ga ƙanƙantarsa, giram ɗaya ne a cikin lita 100,000. A da 50 ne, hukumar ta sauke shi a 1993, Amurka ta bi a 2001 aka fara aiki da shi a 2006, Bangladesh kuwa har yanzu 50 take amfani da shi. Kada ki ɗauki 10 ɗin nan a matsayin katangar da lafiya take gefe ɗaya cuta take ɗaya gefen. Hukumar da kanta ta ce adadin na wucin gadi ne, an tsaya a kansa ne saboda wahalar aunawa da wahalar cirewa. Shi ya sa jihohin New Jersey da New Hampshire na Amurka suka sauke nasu zuwa 5, haka ma ƙasar Denmark. Ni a ra'ayina, gidan da ke da mai ciki ko jariri, in sakamako ya nuna 7 ko 8, bai kamata a ce an ci jarrabawa a naɗe takarda ba.

To, yadda za ki yi gwajin. Ki nemi ɗakin gwaje-gwajen ruwa da hukuma ta amince da shi. Sashen lafiya ko na ruwa na yankinku, ko jami'a mai sashen kimiyyar sinadarai, za su iya nuna miki. Kafin ki biya komai ki yi musu tambaya ɗaya: mene ne mafi ƙanƙantar adadin arsenik da na'urarku ke iya gani? In suka ce maikirogiram 1 ko 2, madalla. In suka ce 50, ki yi musu godiya ki nemi wani wuri, domin “ba a gani ba” daga irin wannan na'ura ba ya nufin komai. Na'urar da ake kira ICP-MS ita ce ta fi dacewa, akwai kuma wasu tsofaffin hanyoyi masu kyau. Ki ce a auna jimillar arsenik. Ki karɓi kwalba daga wurinsu, kada ki wanke ta gida ki kai. Sau da yawa za ki ga ɗan ruwa kaɗan a gindin kwalbar, asid ne da aka sa don kada gubar ta maƙale a jikin roba ko ta kwanta tare da tsatsa; kada ki zubar, kada ki ɗauraye, kada ya taɓa miki hannu. Ki kunna famfo ruwa ya zuba na wasu mintuna har wanda ya kwana a bututu ya fita, sannan ki cika, ki rufe, ki rubuta rana da wurin da kika ɗiba. In kuna tara ruwa a tanki, ko kuna da wata matata, ki ɗibi biyu: ɗaya daga bakin rijiya kafin ya shiga komai, ɗaya daga famfon da kuke sha. Na farko yana gaya miki halin rijiyar, na biyu yana gaya miki abin da ke shiga cikinku. Tunda kuma an riga an je, a haɗa da ƙarfe da manganis da fuloraid da naitiret da dalma da ma'aunin tsamin ruwan. Naitiret yana da haɗari na musamman ga jarirai, sauran kuma za ki buƙace su in ta kai ga zaɓen na'urar tacewa.

Idan takarda ta dawo, ki kula da ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar kafin lambar kanta. Wani magidanci ya taɓa kawo mini takardarsa a ninke cikin aljihu, ta yi shekara biyu, yana murmushi ya ce nasa ko ɗaya bai kai ba, balle goma. Na buɗe na ga 0.04, a gefe kuma an rubuta mg/L, wato miligiram. Miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne. Nasa 40 ne, ninki huɗu na iyaka. Wurin da ya yi masa gwajin sun miƙa masa takarda ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba, shi kuma ya ga sifili a gaba ya kwanta da ransa. Na ga murmushin ya tafi a hankali yayin da yake lissafin shekarun 'ya'yansa da yatsu. Saboda haka ki riƙe wannan: 0.010 mg/L da 10 µg/L da 10 ppb duk abu ɗaya ne, wato maikirogiram 10 a lita. In kika ga alamar < a gaban lamba, ana nufin bai kai wannan adadi ba, sai ki duba ko adadin ƙarami ne.

Akwai kayan gwaji na tafi-da-gidanka, za ki iya cin karo da su. Ana zuba ruwa a 'yar kwalba, a ƙara garin asid da garin tutiya, a saƙala wata 'yar takarda a murfi, a rufe a jira kamar minti ashirin. Ruwan zai riƙa ƙananan kumfa, in akwai arsenik sai ya tashi a matsayin iska ya taɓa takardar, ta rine daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, sai a kwatanta da jadawalin launuka. Da irinsu aka gwada rijiyoyi kusan miliyan biyar a Bangladesh, ana shafa wa bakin famfo jan fenti ko kore. Suna da amfani wajen gane rijiya mai guba sosai. Amma bambance 8 da 15 da ido a kan rawaya mai haske, ko mu da muka saba muna saɓani. Ga shi iskar da ke fita guba ce, takardar ma tana da sinadarin zaiba, don haka a waje ake yi, nesa da yara. Ga gida ɗaya mai jariri, ɗakin gwaji nake ba ki shawara.

In sakamako ya fito ƙasa sosai, alhamdu lillahi, ki adana takardar, ki sake bayan shekara uku zuwa biyar, ko duk lokacin da aka ƙara wa rijiyar zurfi, ko ruwanta ya ja baya sosai, ko ya sauya kama. In yana kusa da 10, ki maimaita a wani lokaci na shekara, domin yakan ɗan motsa tsakanin damina da rani. In ya wuce 10, a daina sha, a daina girki da shi, a daina yin ƙanƙara da shayi da shi. Girki mutane ke mantawa, alhali duk abin da aka dafa ya shanye ruwa ya shanye gubar tare. Wanka da wanki da wanke-wanke ba matsala, domin fata ba ta shan arsenik sai kaɗan ƙwarai. Sai in adadin ya kai ɗaruruwa, kamar 500, nan ne hukumomin lafiya da dama ke cewa a bar wanka ma, musamman ga yaran da ke haɗiyar ruwa.

Mafita mafi sauƙi, kuma mafi tabbas, ita ce sauya ruwan sha. Abin da gida ke sha da girki kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ake kashewa a banɗaki. A nan ne maƙwabciyarki za ta yi rana: in takardarta ta tabbata, jarka biyu daga wurinta a kullum sun raba ki da matsalar tun yau. Sake haƙa ko ƙara zurfi caca ce in ba a san ƙasar wurin ba. A Bangladesh rijiyoyin da suka wuce mita 150 galibi suna da kyau, amma a wasu wurare mai zurfin ce ke da gubar. Kada mai haƙa ya ce miki zurfi shi ne magani sai ya nuna miki sakamakon rijiyoyin da ke kewaye.

In kuma tacewa za a yi, nan ne ake yawan asarar kuɗi. Matatar gawayi ta yau da kullum, wadda ke gyara ɗanɗano, ba a dogara da ita. Na'urar rage gartsin ruwa ba ta cire shi. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ba ruwanta da shi. Tace ruwa da ƙyalle ko barin sa ya kwanta, balle. Waɗanda ke aiki su ne na'urar da ake kira RO, mai matse ruwa ta cikin wani siririn tantani, da matata mai garin tsatsa na musamman da ke kama gubar, wato dabarar da ƙasa ke yi aka kwaikwaya, da kuma na'urar da ke mai da ruwa tururi ta sake tara shi. Amma akwai wani sirri da masu sayarwa ba sa faɗa. Arsenik a ruwa iri biyu ne, masana suna kiransu na uku da na biyar. Na biyar yana da cajin lantarki, don haka yana kamuwa da sauƙi, RO mai kyau tana cire fiye da kashi 90 cikin 100 nasa. Na uku ba shi da caji a ruwan sha na yau da kullum, yana sulalewa ta cikin tantanin, shi ne kuma ya fi yawa a rijiyoyin da ba iska, shi ne ya fi dafi. Maganinsa shi ne a fara juya shi zuwa na biyar da ɗan kulorin ko wani abu makamancinsa kafin ya isa matata. Ki lura, kulorin ba ya cire arsenik, sauya masa kama kawai yake yi, kuma shi kansa yana lalata tantanin RO in ba a tare shi da gawayi ba. Don haka in adadinki ya yi yawa, ki nemi a tantance wane iri ne kafin ki sayi komai. Ki duba ko na'urar tana da shaidar NSF/ANSI 53 ko 58 da aka ambaci arsenik a ciki ƙarara, ba shaidar gaba ɗaya ba.

Bayan an kafa na'ura, a gwada ruwan da ke fita daga cikinta bayan mako biyu, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Matata tana ƙoshi. In ta ƙoshi ba ta ƙara, ba ta sauya launin ruwa, kawai sai ta riƙa barin gubar tana wucewa, wani nau'in ma yakan amayar da abin da ya tara, ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga muni. Gidan da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka sa na'ura shekara biyar da suka wuce, kowa ya saki jiki, ba wanda ya tuna ranar da aka sauya cikinta.

Za ki so sanin ko abin ya riga ya shiga jikinku. In ruwan ya wuce iyaka, ki kai takardar wurin likita. Gwajin fitsari shi ne aka fi amfani da shi, amma yana nuna na 'yan kwanakin baya ne kawai, domin jiki yana fitar da mafi yawansa cikin kwanaki. A guji kifi da sauran naman ruwa na wasu kwanaki kafin gwajin, saboda suna ɗauke da wani nau'in arsenik mara illa sosai da ke kumbura sakamako ya tayar da hankali a banza. Kada kuma wani ya sayar miki da maganin “wanke guba”. Magungunan da ke janye ƙarfe daga jini na wanda ya sha da yawa a lokaci ɗaya ne, ba a nuna suna da amfani ga mai shan kaɗan-kaɗan na shekaru ba, kuma suna da nasu haɗarin. Maganin da aka tabbatar shi ne a yanke shan ruwan, a ci abinci mai gina jiki, likita ya riƙa duba fata da hawan jini da sukari.

Saura abu ɗaya da ya wuce gidanki. Ruwan famfon gari akwai dokar da ke tilasta a gwada shi, rijiyar gida kuwa a mafi yawan ƙasashe ba mai zuwa ya duba. Ko a Amurka, dokar ruwan sha ta 1974 ba ta shafi rijiyoyin gidaje ba, alhali mutane sama da miliyan 40 da su suka dogara, kuma wani bincike na hukumar nazarin ƙasa ta can a 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin miliyan 2.1 daga cikinsu suna shan ruwan da ya wuce 10. New Jersey ce ta yi dabara tun 2002, ta ce ba a sayar da gida mai rijiya sai an gwada ruwan, mai saye da mai sayarwa duk sun ga sakamako. A duniya baki ɗaya Hukumar Lafiya ta ƙiyasta mutum miliyan 140 ne ke shan ruwan da ya wuce wannan iyaka. Hukuma ba ta sanin inda matsalar take sai daga takardun ɗaiɗaikun mutane irinki. Na san abin da ke sa mutane ɓoyewa: tsoron darajar gida ta faɗi, ko a ce ruwan gidan wane guba ne. Amma in naki ya fito da yawa, ki gaya wa maƙwabta na kowane ɓangare, da duk wanda ke ɗiba a wurinki, da 'yan haya in akwai, ki kuma kai kwafi sashen lafiya na yankinku. In kuka haɗu gida goma kuka kai samfuri tare, kowa ya rubuta zurfin rijiyarsa a gefen sakamakonsa, za ku iya ganin a wane zurfi gubar take, wanda zai haƙa gobe ya san inda zai tsaya.

Yau da yamma ki leƙa wurin maƙwabciyar taki ki roƙe ta ta nuna miki takardar da idonki. Ki duba ko an rubuta arsenik a jerin abubuwan da aka auna, domin sau da yawa “ba a samu komai ba” gwajin ƙwayoyin cuta ne kawai. Ki duba ma'aunin, miligiram ne ko maikirogiram, da lambar da ke bayan alamar <. Ki tambaye ta zurfin rijiyarta, ki kuma karɓi sunan wurin da ta kai. In na'urarsu tana gani har ƙasa da 5, gobe ki je ki karɓo kwalba biyu.